Kamfanonin fasahar sarrafa halittu a Nijeriya: su wane ne, kuma ta ina mutumin Daura zai shiga?

Ɗan Kusugu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙungiyar manoma ce gare mu a ƙasar Daura, yawancinmu gero da wake da gyaɗa muke nomawa. An daɗe ana yi mana maganar sabon irin wake da tsutsa ba ta ci, wasu na yabo, wasu na cewa irin Turawa ne da ba ya tsira karo na biyu. Su wane ne ke yin waɗannan abubuwa a ƙasar nan, kamfanoni ne ko gwamnati? Ban da wake, me kuma ake yi wanda zai amfane mu? Kuma ƙungiya mai ƙaramin jari, wadda a cikin 'ya'yanta akwai yaron da ya karanta kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta wace ƙofa za ta shiga harkar? Masana a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona Mashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. A fara gyara fahimta ɗaya: a Nijeriya ba kamfanoni ne ke ƙirƙira ba, cibiyoyin bincike ne. Kamfani yana zuwa daga baya, ya karɓi abin da aka gama, ya yawaita shi, ya zuba a leda ya sayar. Hukumar NABDA, wadda aka kafa a 2001 kuma yanzu ake kira NBRDA, aikinta bunƙasa fasahar. NBMA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke ba da izini ko ta hana. NASC kuma ita ke tantance iri da kamfanonin iri. Ainihin aikin gona yana Cibiyar IAR ta Samaru Zariya da IITA ta Ibadan.

Waken da kake magana sunansa SAMPEA 20-T. An ɗauko ƙwayar gado guda ɗaya (abin da ke ɗauke da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya), Cry1Ab, daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, shi ya sa ake cewa Bt. Masana na cibiyar binciken kimiyya ta CSIRO a Ostareliya suka saka ta cikin wake, sannan a Samaru, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka yi ta aura shi da irin SAMPEA 10 har ya ɗauki kamanninsa da juriyarsa ga wuta-wuta. Gidauniyar AATF ce ta riƙe lasisin ƙwayar gadon ba tare da an ɗora wa manomi kuɗin mallaka ba. NBMA ta amince a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disamba, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Kamfanonin da aka fara bai wa shi su ne Maina Seeds da Tecni Seeds da Gold Agric.

Yadda yake aiki: shukar da kanta tana yin wani furotin a ganye da fure da kwanso. Idan tsutsar Maruca, mai cin fure da kwanson wake, ta ci, furotin ɗin yana narkewa a cikin hanjinta, ya manne a wasu gurabe na bangon hanjin, ya huda shi, ta daina ci ta mutu. Waɗannan gurabe babu su a hanjin mutum ko akuya, kuma cikinmu mai tsami ne, yana narkar da shi kamar sauran furotin.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne zaton cewa ba a yi masa feshi sam. Ba haka ba ne. Maruca kawai yake kashewa, wato tsutsar da za ka buɗe fure ka gan ta a ciki, ko ka ga kwanso biyu sun manne da saƙa da ɗan kashinta a bakin rami. Darɓa tana nan. Ƙananan ƙwarin fure masu kakkaɓe shi tun bai buɗe ba suna nan. Ƙwarin da ke tsotse kwanso ya shanye ya lanƙwashe su ma suna nan. Abin da aka samu shi ne feshi ya sauka daga shida ko takwas zuwa biyu: na farko lokacin da fure ya fara ƙullawa, wajen kwana 30 zuwa 35 da shuka, na biyu lokacin da kwanso ke cika. Wanda ya bar waɗannan biyun zai ga ganye shar, ba wake, ya ce an cuce shi.

Lissafin hekta ɗaya: iri kilo 20 zuwa 25, wato tiya 8 zuwa 10. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 20, ƙwaya biyu a rami. Takin SSP buhu huɗu a lokacin shuka, domin wake fosfaras yake so. In ka cika masa yuriya sai ya tafi a ganye. Yana nuna a kwana 70 zuwa 75, don haka a ƙasarku tsakiyar Yuli ya dace, yadda zai bushe bayan ruwa ya ja baya. Shuka shi a farkon damina na sa kwanso ya nuna cikin marka ya ruɓe. Kuma ba ya yaɗo kamar ɗan gida, ya fi son a ba shi filinsa ko layuka nasa daban, ba a cusa shi ƙarƙashin gero ba. Mai neman harawa da yawa ya san da wannan tun da wuri.

Zancen ba ya tsira karo na biyu kuwa ba gaskiya ba ne. Wake kansa yake yi wa barbara, abin da ka girbe zai tsira kuma yana ɗauke da kariyar. Dalilin da ake cewa a sabunta iri bayan 'yan shekaru shi ne gauraya a wurin sussuka da ajiya.

Baban Halifa Funtua ya rubuta:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma kada Malam Ɗan Kusugu ya ɗauki hukuncin wake ya ɗora wa masara da auduga, domin nan labari ya bambanta.

Masarar TELA, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, an yi mata rajista a Janairun 2024, aikin Samaru ne ƙarƙashin Farfesa Rabi'u Adamu. Tana da kariya daga tsutsar da ke huda kara da kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo mana tun 2016, tana kuma ɗan jure yankewar ruwa. Na ce ɗan jurewa, ba wai ta zama gero ba. Mai aure ce, uwa daban uba daban. In ka ajiye abin da ka girbe ka shuka baɗi, zai tsira sarai, sai dai gonar za ta fito wata doguwa wata gajeruwa, amfani ya ragu. Haka duk masara mai aure take tun kafin a san wani Bt, manoman Dandume da Bakori sun san wannan shekara da shekaru. Tana cin taki sosai. A Daura da damina gajeriya ce, ban ga dalilin da ƙungiya za ta zuba jarinta nan ba, sai ko masu noman rani a bakin dam.

Auduga ita ce aka fara yi wa rajista don kasuwa, a 2018: MRC 7377 da MRC 7361, masu ɗauke da Bollgard II, aikin kamfanin Mahyco na Indiya tare da IAR. Ƙwayar gado biyu ce a ciki, Cry1Ac da Cry2Ab. Ita ma mai aure ce, kowace shekara sai an saya, kuma kuɗin irin ya ninka na angurya da aka saba karɓa daga wurin gurza. Tana maganin tsutsar ƙwallo, ba ta maganin masu tsotson ganye.

Abu biyu nake so a riƙe, don ba na son a sayar wa manomi da rabin magana. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008, ta bar ta a 2016. Ba don tsutsa ta ci ba, a'a, zaren ne ya gajarce saboda ba a aura irin da nasu na gida yadda ya kamata ba, farashinsu ya faɗi a kasuwar duniya. A Indiya kuma jar tsutsar auduga ta saba da Bollgard II har ta koma cinta. Dalili shi ne an bar shuka mafaka. Mafaka ita ce 'yan layukan irin da ba Bt ba da ake shukawa a gefe. A cikin dubban tsutsotsi ba a rasa 'yar ƙalilan da furotin ɗin bai kashe ba. In babu mafaka, su kaɗai za su rage su auri juna, jikokinsu duk su fito da taurin. In akwai mafaka, masu rauni suna da yawa, su za su aura, taurin ya narke. Manomi yana ganin layukan nan kamar asara ce, alhali su ke tsare masa irin. Wannan ya shafi wake ma, tunda ƙwayar gado ɗaya tak gare shi, shi ya sa ake aikin ƙara masa ta biyu.

Akwai kuma masu adawa da harkar gaba ɗaya, irin su ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma Majalisar Wakilai ta taso da batun a 2024. A ganina tambayarsu kan wa ke riƙe da iri da kuma sanya alama a jikin kaya tambaya ce mai kyau, ya kamata a amsa ta. Amma cewa wake yana hana haihuwa, wannan ba shi da tushe.

Ɗan Kusugu ya rubuta:

Na gode Malam, na gode Alhaji. To ke nan masara da auduga ba namu ba ne a yanzu. Gyaɗa fa, akwai wani abu? Kuma yaron nan namu, ina zai dosa?

Hajiya Maman Ilham ta rubuta:

Akwai, Malam, kuma ba a taɓa ƙwayar gadon komai ba a ciki. Mutane sun ɗauka fasahar nan duk sauya iri ce, alhali rabinta amfani ne da ƙananan halittu yadda Allah ya yi su.

Sunansa Aflasafe. IITA ce ta haɗa shi, kamfanin HarvestField Industries ke yin sa yana rarrabawa. Matsalar da yake magani ita ce gubar aflatoksin, wadda fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa a gyaɗa da masara. Ka fasa gyaɗa ka ga ƙwaya ta yamutse, da ɗan kore-kore kamar garin kuka a jikinta, ka tauna ka ji ɗaci: ita ce. Wani lokaci ma ba a ganin komai. Suya ba ta kashe gubar, tana wucewa cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza da abincin kaji, tana lalata hanta, tana tauye girman yara. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikurogiram 4 a kilo. Gubar ta fi yawa inda ruwa ke yankewa gyaɗa na cikin ƙasa, wato dai irin ƙasarku.

Abin da ke cikin ledar dawa ce da aka gasa don kada ta tsira, aka shafe ta da nau'i huɗu na wannan fumfunar waɗanda ba sa yin guba, dukkansu daga ƙasar Nijeriya aka samo su, aka rina ta shuɗi don kada a kai ta tukunya. Kilo 10 ake watsawa a hekta. Ga gyaɗa, wajen kwana 30 zuwa 35 bayan shuka. Ga masara, mako biyu zuwa uku kafin ta yi fure. Da hannu ake watsawa kamar taki, a kan ƙasa mai laima. Bayan 'yan kwanaki ka duƙa ka duba, za ka ga ƙwayoyin dawar sun yi gashi kore. Wannan ne alamar ya kama, masu kyau sun riga miyagun cika wurin.

Abubuwan da ke ɓata shi: a watsa a busasshiyar ƙasa, ruwa ya yi kwana goma bai zo ba, tururuwa da zabi su kwashe. Ko a watsa sannan a yi maimai a binne shi. A gama noma da huɗa tukuna. Ko a haɗa shi da maganin fumfuna. Kuma ba ya ɗauke wa mutum shanya mai kyau a kan tamfol, ba a ƙasa ba.

Na biyu Nodumax, shi ma na IITA, na waken suya ne, don haka ya fi shafar mutanen Alhaji na kudancin jiha. Bakteriya ce mai rai a cikin baƙin gari, mai zama a saiwa tana samar wa shuka taki daga iska, leda mai giram 100 tana isar iri kamar kilo 10. A jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, a bari ya huce, a yayyafa wa irin ya yi danshi, a zuba garin a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a baza a inuwa kaɗan, a shuka ranar. Rana tana kashe ta, haka ajiya a shagon kwano mai zafi. Bayan mako shida a tuge shuka ɗaya, a fasa ƙulluttan saiwa da farce: in cikin ja ne ko ruwan hoda, tana aiki, in fari ne ko kore, ba ta yi.

Game da ɗanmu mai digiri, gaskiya ɗaya ce, ɓangaren magunguna bai buɗe ba tukuna. Ɗakin yin allurar rigakafi na Yaba a Legas, wanda ya yi ta agana da shawara da cizon mahaukacin kare, ya tsaya tun 1991. An kafa kamfanin Biovaccines tsakanin gwamnatin tarayya da May & Baker don a farfaɗo da aikin, gwamnati na da kashi 49, May & Baker na da 51. Kamfanin 54gene na Legas, da aka kafa a 2019 don nazarin ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, ya tara dala miliyan 45 amma ya rufe a 2023. Wannan aiki ne mai cin wuta dare da rana, kowane sinadari da dala ake shigo da shi, riba kuma sai bayan shekaru. Inda aka yi suna, kamar cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Ede, wadda ta fara karanta ƙwayoyin gadon korona a Afirka a 2020, jami'a ce da tallafin bincike. In yana son wannan layin, ya nemi digiri na biyu. In sana'a yake so yanzu, ya koyi gwajin iri da gwajin aflatoksin da tsinken gwaji. Masu sayen gyaɗa da riɗi don fitarwa suna bukatar mai wannan hannun.

Likitan Dabbobi Mai'aduwa ya rubuta:

Hajiya ta ce ɓangaren allura bai buɗe ba, na mutane take nufi. Na dabbobi shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Cibiyar NVRI tana Vom tun 1924, tana yin allurar ciwon huhun shanu, da harbin daji, da cutar saifa, da PPR, annobar awaki da tumaki, da ta kaji iri-iri.

Wadda ta fi dacewa da ƙauye ita ce NDV I-2, ta annobar kaji mai zuwa da hunturu, wadda kaza ke yin zawo kore ta murɗe wuya. An zaɓi wannan nau'in ne don ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza, babba ko tsako, a maimaita duk wata huɗu, kuma a tabbata an yi zagaye ɗaya kafin sanyi ya shigo. Jure zafi ba ya nufin a bar ta a aljihu: ajiyarta firji ne, digiri 2 zuwa 8, tafiya da ita a kula da ƙanƙara. Kada a dama da ruwan famfo mai kulorin, yana kashe ta. Kada a yi wa kazar da ta riga ta kamu, ba magani ba ce. Daga nan ne ake cewa allura ta kashe kaji. Ta PPR mililita ɗaya ce a ƙarƙashin fata, kariyarta na kai shekara uku, amma da zarar an dama sai a ƙarar cikin awa biyu, don haka a tara dabbobin unguwa kafin a fasa kwalba.

Giɓin da ke nan ba na yin allura ba ne, na kai ta da ranta ne daga Vom zuwa Zango ko Sandamu. Ƙungiya mai firjin sola da matasa biyu da aka horar, ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi mai rajista, ta sami sana'a.

Malamin Gona Mashi ya rubuta:

Malam Ɗan Kusugu, in koma kan ƙofar da ka tambaya. Wadda ta fi kusa da ku ita ce noma wa kamfanin iri. Iri hawa uku ne: na mai bincike, sai na tushe mai farar takarda, sai tantacce mai shuɗiyar takarda wanda manomi ke saya. Kamfanoni irin su Premier Seed da Value Seeds a Zariya, ko waɗancan ukun da na ambata a baya, ba su da gonar da za ta ishe su, manoma suke bai wa irin tushe su noma musu. Ga SAMPEA 20-T sai kamfanin da ke da lasisinsa. Ba a sayen na kasuwa a yawaita a kira shi iri.

Ku je da rajistar ƙungiya da girman filayenku a rubuce, ku nemi yarjejeniya a takarda tun kafin damina, a faɗi farashi ko abin da za a ɗora a kan na kasuwa, da ranar biya. Filin kada ya zama an noma wake a cikinsa bara, saboda gyauro. A bar tazara tsakaninsa da wani waken. Yaron naku ya riƙa zagayawa yana tuge duk shukar da ta bambanta a launin fure ko yaɗo ko lokacin nuna, tun kafin jami'in NASC ya zo dubawa, domin yakan zo ne lokacin fure da gab da girbi, kuma yana iya soke gona sukutum. Yawancin asara a wurin sussuka take: tamfol ɗaya, buhun da aka zuba wani wake jiya, sai iri ya gauraye. A bushe shi har ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori.

Ajiya kuma, Bt ba ya hana ƙwaron rumbu. A sa a buhun PICS mai ciki uku, a matse iska, a ɗaure kowane ciki daban, kada a buɗe. Kada a zuba masa fiya-fiya. Irin wannan maganin ne ya sa Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015.

In kuma sayen iri za ku yi ku raba wa mambobi, ku duba shuɗiyar takarda da lambar SEEDCODEX da ake kankarewa a tura ta waya. Wake fari ne kamar kowane, ido ba ya rabewa, shi ya sa masu zuba na kasuwa a leda suka samu hanya. Kafin a raba, a ƙirga ƙwaya 100, a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ko yashi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga bayan mako guda. In abin da ya tsira bai kai 80 ba, a mayar wa dila tun ledojin suna rufe, da rasit a hannu.